Aron Maɓalli

A wata unguwar Hausawa ta garin Jugu, wanda ake rubutawa Djougou a taswira, can arewa maso yammacin Jamhuriyar Benin, akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin da 'yan kai yana koyar da yaran firamare da harshen Faransanci, sa'an nan ya yi ritaya ya koma zauren gidansu. Malam kawai mutanen unguwa ke ce masa. Cikin abin da ya gada akwai wata gafaka ta fata, cike da takardun ajami: wasiƙu, da lissafin goro, da jerin basussuka na kakansa. Kakan nan mai masaukin fatake ne a zamanin da ayari ke tasowa daga Kano, ya ratsa ƙasar Bargu, ya yada zango a Jugu, kafin ya miƙe zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. A wancan lokaci garin kashi biyu ne, Kilir inda sarauta take, da Wangara inda 'yan kasuwa Musulmi suke. Fatake su zo da kanwa da tufafi da fatu, su juyo da goro, mai masauki kuwa shi ne mai ba su ɗaki, shi ne shaidar cinikinsu, shi ne kuma mai riƙe amanar abin da suka bari.

A shekarar 2012 abu biyu suka haɗu suka hana Malam barci. Na farko, yana ta fara rufe masa idon dama, har tawadar da ta koɗe ta soma ɓace masa a kan takarda. Na biyu, da ya duba jikokinsa sai ya ga babu ko ɗaya da zai iya karanta gafakar bayan ransa. Dendi suke yi a titi da kasuwa, Faransanci a makaranta, Hausa kuwa sai a gida, ita ma ta fara sirancewa a bakinsu. Suna karanta Alƙur'ani, amma Hausar da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, da hannun mutumin da ya rasu tun kafin a haifi iyayensu, ta gagare su. Boko ne kaɗai ƙofar da ta rage. Don haka ya ƙudura zai mai da takardun boko, ɗaya bayan ɗaya, tun idon hagu yana gani.

Ɗan ƙanwarsa, wanda ke karatu a Jami'ar Paraku, shi ya kawo masa abin aiki. Wata farar kwamfutar cinya ce ta kamfanin Apple, ƙirar iBook G4 ta shekarar 2004, wadda ya saya ta hannu a Kwatano da kuɗi kaɗan. Arahar tata tana da dalili. A shekarar 2006 kamfanin ya sauya irin ƙwaƙwalwar da yake sa wa kwamfutocinsa, sababbin manhajoji suka bi sabuwar ƙira, tsofaffin injuna irin wannan suka zama marayu. Saurayin ya sa mata babbar manhajar Linux, wadda ake samu kyauta, take kuma tafiya a kan tsohon ƙarfe ba tare da ƙorafi ba. Ya yi tafiyar kilomita ɗari da talatin da wani abu daga Paraku, ya ajiye ta a kan ɗan teburin zaure, ya kwana biyu yana koya wa kawunsa yadda ake buɗe shafi da yadda ake adana shi.

Tun a ranar farko suka yi musu a kan suna. Abin nan da ake turawa a kan tebur don motsa kibiyar da ke jikin allo, saurayin ya saba kiransa da sunan Faransanci mai ma'anar ɓera, kamar yadda Turawan Ingilishi ma ke kiransa, wasu marubutan Hausa kuma suka fassara haka, suka ce ɓeran kwamfuta. Malam ya ƙi. Ya ce ɓera shi ne babban abokin gabar gafakarsa, ba zai kira abin taimakonsa da sunan ɓarawo ba. Ya zaɓi linzami, wanda shi ma ana amfani da shi a rubuce-rubucen Hausa, ya ce wannan ya fi dacewa da aikin: da shi ake juya kan dabba zuwa inda ake so. Ya ƙara da cewa kalmar kanta aro ce daga Larabci, ta daɗe har an manta baƙuwa ce. Amma kwamfutar cinya ba ta zo da linzami na dabam ba. Abin da take da shi wani ɗan fili ne mai santsi a gaban maɓallan rubutu, wanda ake shafawa da yatsa, a ƙasansa kuma maɓalli guda ɗaya tak, mai faɗi.

Bayan saurayin ya koma makaranta ne matsala ta fito. Yawancin wasiƙun kakan da kalmomi iri ɗaya suke buɗewa: basmala, da salati, da doguwar gaisuwa, da tambayar lafiyar iyali. Sunayen fatake ma waɗansu sukan dawo sau ashirin a cikin lissafi. Malam da yatsu biyu yake rubutu, saboda haka kowace gaisuwa tana cin minti biyar na hasken idonsa. An nuna masa cewa ana iya kwafar rubutu a liƙa shi a wani wuri, amma duk bayanin da ya gani cewa yake a latsa maɓallin dama don jerin zaɓi ya fito. Ya latsa gefen dama na maɓallinsa, ya latsa gefen hagu, duk abu ɗaya ke faruwa. Ya yi zaton injin ya lalace. Ya buga waya Paraku ya ce, “Yaro, abin nan naka hannu ɗaya gare shi. Ina aka kai ɗayan?”

Ba a kai shi ko'ina ba, haka aka ƙera shi da gangan. Linzamin da Douglas Engelbart ya nuna wa duniya a birnin San Francisco ranar 9 ga Disamba 1968 maɓallai uku gare shi. Da kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Lisa a 1983, da Macintosh a 1984, sai ya rage su zuwa ɗaya, bisa hujjar cewa baƙon da bai taɓa riƙe linzami ba ba zai latsa maɓallin da ba daidai ba idan guda ɗaya ne a gabansa. Kamfanin ya tsaya a kan wannan ra'ayi fiye da shekara ashirin. A 1997 ya yarda a riƙe maɓallin Ctrl a latsa, jerin zaɓi ya fito, amma linzami mai iya latsa dama da hagu bai fito daga hannunsa ba sai 2005. Ita kuwa Linux daga wani gida ta taso. Tsarin da ke zana mata tagogi, wanda ake kira X, an fara shi ne a cibiyar MIT ta Amurka a 1984, a kan injuna masu linzami mai maɓallai uku. A wannan gida kowane maɓalli da aikinsa: na hagu don zaɓa, na dama don jerin zaɓi, na tsakiya kuwa don liƙa duk rubutun da aka shata a baya. Abin da ya faru a zauren Malam shi ne an ɗaura auren jiki mai maɓalli ɗaya da ruhi mai neman uku.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi linzami na waje a jona, kuma an gwada. Amma ƙofofin jonawa biyu ne a jikin injin, ɗaya ta mutu tun kafin a sayo shi, ɗayar kuwa tana riƙe da ɗan filashin da Malam ke adana kwafin aikinsa a ciki, wanda ba ya yarda a cire. Ban da haka, a kan tabarma yake aiki, kwamfuta a cinya, tsohuwar takarda a hannun hagu kusa da ido. Babu wurin tura linzami, babu kuma hannun tura shi.

Da hutu ya zo saurayin ya dawo da dabara. A cikin ƙwaryar Linux akwai wani tanadi da aka yi musamman domin kwamfutocin Apple masu maɓalli ɗaya, wanda ke ba da damar a ɗauki wani maɓalli na allon rubutu a naɗa shi wakilin maɓallin linzami. Layi uku ya rubuta a cikin fayil ɗin /etc/sysctl.conf, ga su:

dev.mac_hid.mouse_button_emulation = 1
dev.mac_hid.mouse_button2_keycode = 87
dev.mac_hid.mouse_button3_keycode = 88

Layin farko yana kunna kwaikwayon. Na biyu yana cewa maɓallin da lambarsa take 87, wato F11, shi ne daga yanzu maɓallin tsakiya. Na uku yana cewa mai lamba 88, wato F12, shi ne na dama. Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Duk maɓallin da aka danna, lamba yake aikawa zuwa cikin injin, ba baƙi ba. Tanadin nan yana tsaye a bakin hanya kamar mai karɓar fito. In ya ga 87 ko 88 sai ya tsare ta, ya aika da saƙon cewa an latsa linzami. Manhajar rubutu da ke can gaba ba ta san an yi musanya ba, ba ta kuma da hanyar sani.

Malam ya kai kibiya kan gaisuwar wasiƙa, ya shata ta, ya sauka sabon shafi ya danna F11, sai ga gaisuwar ta fito cif, daga basmala har tambayar iyali. Ya daɗe yana kallon allon. Can ya ce, “Ashe rashin uwa akan yi uwar ɗaki.” Saurayin ya ce, “Amma Kawu, ka sani akwai abin da aka biya. F11 da can shi ke buɗe shafi ya cika allo, F12 kuma ka ga alamar fitar da faifai a jikinsa. Yanzu an ɗauke su aikin wani gida.” Malam ya ce ba shi da faifan da zai fitar.

Abin bai zo wa Malam a matsayin sabon abu ba, domin takardun da ke hannunsa da irin wannan dabara aka rubuta su. Baƙaƙen Larabci ba a yanka su don bakin Bahaushe ba. Da malamai suka rasa baƙin da zai ɗauki sautin ɗ, sai suka ari wani na Larabci mai kama da shi, wanda almajirai ke kira ɗa mai hannu. Da suka rasa na ts, sai suka ɗora wa wannan baƙin ɗigo uku, ya zama tsa mai hannu. Wasalin e kuwa ɗigo suka sa masa a ƙarƙashin baƙi. Boko ma haka ya yi da ya zo. Masu rubutun farko waɗansu sun sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, waɗansu sun rataya musu ɗan waƙafi a gefe, har aka tsaya a kan lanƙwasa a shekarun 1930. Har yau ba a gama daidaitawa ba, don abin da Nijeriya ke rubutawa 'y, Nijar ƴ take rubuta shi. Allon rubutun Malam kuwa na Faransanci ne, yana da é da è da ç a sarari, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Su ma sai da saurayin ya aro musu hanya: ya naɗa wani ƙaramin maɓalli da ke kusa da dogon maɓallin tazara, in an riƙe shi aka danna k sai ƙ ta fito. Malam ya ƙi rubuta ko layi ɗaya kafin a yi haka. Ya ce kakansa baƙi yake saukewa, ba baki ba, kuma a lissafin mai masauki akwai nisa tsakanin fada da faɗa.

Aiki ya kankama. Daga hunturu zuwa bazara ya gama wasiƙu sittin da ɗoriya, ya shiga littafin basussuka, inda aka jera wane ya karɓi ƙwarya kaza ta goro, kowace ƙwarya goro ɗari, wane ya bar huhu kaza ajiya, wane ya biya, wane ya tafi Gwanja bai dawo ba. Nan ne aikin ya daina zama na tarihi kawai, domin da yawa daga cikin sunayen nan jikokinsu suna nan a unguwa, ana haɗuwa da su a masallaci, an ma haɗa aure da waɗansu.

Yana da wata jika 'yar shekara goma sha uku, wadda yake tsokana da sunan amarya kamar yadda kakanni ke yi, ita kuma tana ce masa tsoho. Ita ce mai karanta masa abin da ya rubuta da ƙarfi kowace ranar Laraba da yamma, shi yana bi a takardar ajami, don ta haka ne yake kama kure, ta haka ne kuma Hausa ke komawa bakinta. Wata Laraba tana cikin karatu sai ta kai layin da ke cewa wani mutum ya ci bashin ƙwarya arba'in ya mutu bai biya ba, ta karanta sunan, ta tsaya. Ta ce, “Tsoho, wannan ba kakan su ƙawata ta gidan gabas ba ne?” Malam ya kusantar da takardar ga idonsa. A ajami sunan wani Bagwanje ne, baƙo, wanda ba shi da kowa a garin. A boko kuwa sunan maƙwabci ne ya zauna a gurbin, mutumin da shafi uku a baya aka rubuta cewa shi ne ya ba da lamuni ga wasu, bai taɓa cin na kowa ba.

Sai da suka kira Paraku suka gane abin da ya faru. Malam ya shata sunan maƙwabcin tun da farko don ya liƙa shi a wani layi, sunan ya zauna a ajiye yana jira. Daga baya ya yi kure a sunan Bagwanjen, ya miƙa yatsa zai goge, yatsan ya zarce ya taɓa F11, wanda ke dab da maɓallin gogewa. Sunan da ke ajiye ya faɗo inda kibiya take. Shi kuma idonsa na kan takarda, ya ci gaba da gogewa da gyarawa har ragowar sunan baƙon ta tafi, na maƙwabcin ya tsaya. Injin bai yi ƙara ba, bai tambaya ba, domin a wurinsa an ba shi umarni ne.

Malam bai ci abincin dare ba ran nan. Ya riga ya yi wa mutanen gidan gabas alkawarin zai ba su kwafi in ya gama. Da takardar ta fita haka, da ya ɗora wa mamaci bashin da bai ci ba, a rubuce, da boko mai kyau wanda kowane yaro zai iya karantawa, alhali takardar asali babu mai iya duba ta ya ƙaryata. A al'adar da ya tashi a ciki, bashin mamaci ba ƙaramar magana ba ce. Ana shelar neman masu bin sa bashi tun kafin a kai shi makwanci. Ya ga cewa kuskuren ajami yana kwance a gafaka, ba ya cutar da kowa, amma kuskuren boko ƙafafu gare shi. Ya kuma yarda, ba da son ransa ba, cewa mutanen da suka ƙera maɓalli ɗaya suna da rabin gaskiya, tun da ga shi ya latsa wanda ba daidai ba a ranar da aka ba shi uku.

Jikar ta ce a cire dabarar gaba ɗaya. Malam ya ƙi, don ba shi da idon da zai sake rubuta kowace gaisuwa da hannu. Saurayin ne ya kawo tsaka-tsaki. Ya ce waɗanda suka yi tanadin nan tun asali ba F11 suka sa ba, lamba 97 suka sa, wadda a wannan injin ba ta fita sai an riƙe maɓallin Fn an haɗa da Ctrl, su biyu suna can kusurwar ƙasa ta hagu, nesa da maɓallin gogewa. Ta waya ya yi wa yarinyar jagora, ta buɗe fayil ɗin, ta goge 87 ta rubuta 97, ta kashe injin ta kunna. F12 aka bar shi yadda yake, domin jerin zaɓi in ya fito bisa kuskure ana ganinsa, ba ya rubuta komai sai an zaɓa.

Sabon tsarin ya fi wahala. Duk sanda Malam zai liƙa rubutu sai ya ajiye tsohuwar takarda, ya ɗaga kai ya dubi allo, ya sa yatsu biyu na hannun hagu. Ya ce haka ya fi, abin da zai iya ɓata sunan mutum bai kamata ya zo da sauƙi ba. Kayan aro, in ji masu magana, ba ya rufe katara, kuma ya ga inda nasa ya tsaya. Suka koma shafin farko na littafin basussuka, shi da jikar, suka bi shi suna bayan suna, mako uku cur. Sun sami wani wuri guda da gaisuwar wasiƙa ta faɗo a tsakiyar lissafin kanwa, ban da shi babu.

A cikin makonnin nan ne wani abu ya faru wanda ba a shirya shi ba. Yarinyar ta gaji da jiran kakanta ya lalubo layi da ido ɗaya, sai ta fara leƙa takardar ajamin da kanta. Ta gane basmala, ta gane sunayen da ta sha karantawa a boko, ta tambayi wannan baƙi mai ɗigo uku a ka mene ne. Ya ce tsa mai hannu. Ta ce ai babu shi a allonta na makarantar Alƙur'ani. Ya ce babu, aro aka yi aka ƙara masa ɗigo. Kafin damina ta sauka tana iya karanta layi biyu ko uku ba tare da taimako ba, ko da yake hannun kakan kakanta yana ba ta wahala inda tawada ta malala.

An yi wa Malam aikin ido a shekarar da ta biyo baya, ganinsa ya dawo gwargwado. Ya gama gafakar, aka buga kwafi biyar a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa, ya aika ɗaya gidan gabas. Farar kwamfutar tana nan a zaure, batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take tashi. A saman maɓallin F12 akwai ɗan ɗigon jan farce da jikar ta sa tun a watan farko don kakanta ya riƙa gane shi, ya bushe ya fara ɓarewa. Ranar Laraba da yamma har yanzu sukan zauna, sai dai yanzu ita ke riƙe takardar ajami, shi yana bi a boko.